Ruwa ya canza hali: dubarun masunta da mata masu banda a tabkunanmu

Duk wadda ke cefane ta ga abin da ke faruwa a faifan masu kifi. Tarwaɗar da a da ɗaya ke isar miyar gida, yau sai an haɗa uku ko huɗu. Karfasa ta koma kamar tafin hannun yaro, giwar ruwa kuwa sai an yi sa'a ake ganinta. Kuɗi na hawa, kifi na ƙanƙancewa. A cikin ƙungiyoyinmu na asusu akwai matan masunta, akwai masu banda, akwai masu suya a bakin tasha da kasuwa. Idan taru ya fito wayam, to ranar zubi za a gani, don zubin mako da biyan bashi duk daga ruwan nan suke fitowa. Shi ya sa a wannan karo muka ce bari mu duba me ya sami tabkunanmu, da irin dubarun da masu sana'ar ke yi don kada su tashi a tutar babu.

Ina kifinmu ke fitowa?

Ƙasarmu ba ta da teku, amma Allah bai hana mu ruwa ba. A yamma akwai Kogin Isa da ya ratsa Tilaberi, Yamai har Gaya, inda Sarkawa suka gaji su kaka da kakanni. A gabas akwai Komadugu da Tabkin Cadi. Tsakaninsu kuma akwai tabkuna da yawa: Madarumfa kudu da Maraɗi, Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa, Gidimuni da Lasuri a jihar Damagaram, da ƙanana barkatai da ke cika da damana su ƙafe da rani. Waɗannan biyar da muka ambata duk suna cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar: Tabalak, Ɗan Dutsi da Lasuri tun 2005, Madarumfa da Gidimuni a 2019.

Masu kamun nan ba manyan ƴan kasuwa ba ne. Mutum ne da kwalekwalensa ko gorarsa, da birgi, da kalli, da mamari mai ƙugiyoyi, da ƴan gura. Mafi yawansu manoma ne, su kuma sana'ar rani ce da ke toshe ɓaraka idan rumbu ya yi ƙasa. Da kifi ya hau tudu kuwa, aiki ya koma hannun mata: wanki, fiɗa, banda, suya, kai wa kasuwa.

Me ya canza?

Tsofaffinmu ba su manta farin 1973 da 1974 ba, haka na 1984. A watan Yuni na 1985 Kogin Isa ya daina gudu a Yamai, abin da mutane ba su taɓa zaton gani ba. Tabkin Cadi da ya kai faɗin kilomita murabba'i 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai, ɓangarensa na Nijar ya bushe shekara da shekaru, har Gigimi da ke bakin ruwa ta wayi gari nesa da shi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya sake dawowa wannan gefen.

Yanzu kuma abin ya zo da wani salo. Ruwan sama ya dawo, amma ba shi da alƙawari. Ya makara, ko ya fara ya ɗauke mako biyu ko uku, sannan ya zubo na wata guda a dare ɗaya. A 2020 kogi ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya kai kusan mita 7. A 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan, Maraɗi da Damagaram na cikin inda abin ya fi tsanani, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe. A wannan shekarar ce kuma aka sha zafin da ya wuce misali a watan Afrilu. Wannan rashin tabbas shi ake kira sauyin yanayi, kuma ta hanya uku yake taɓa kifi.

Ta farko zafi. A ƙasa irin tamu, rana da iska na shanye ruwan da zurfinsa ya kai mita 2 ko fiye daga saman tabki a shekara. Tabkin da dama zurfinsa bai wuce haka ba, ina zai kai bazara? Ban da haka, ruwa in ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa na raguwa. Shi ya sa a tsakiyar bazara ake wayar gari a ga kifi na buɗe baki a saman ruwa, wani lokaci ma a tarar da shi a mace tun da asuba.

Ta biyu rairayi. Inda itatuwa da ciyawa suka ƙare, ƙasa ta zama faƙo, ruwan sama ba ya nutsewa. Gudu yake yi, ya haƙa korama, ya kwaso yashi ya zuba cikin tabki. Sai ka ga tabki ya yi faɗi da damana kamar abin arziki, alhali ƙasansa ya cike, ya zama faranti maimakon tukunya. Ruwan faranti kuwa ba ya daɗewa. Daga nan kacala da kainuwa su samu wurin zama, su rufe hanyar kwalekwale, su yayyaga taru.

Ta uku lokacin haihuwa. Tarwaɗa na jiran ruwan farko ya malala cikin ciyawa kafin ta zuba ƙwai. Idan ruwa ya zo ya janye da wuri, ƙwai da ƴaƴa su bushe a tudu. Idan ambaliya ce, ta fasa bakin tabki ta tafi da kifin, ta haɗa da taruna da kwalekwale.

Amma fa kada mu ɗora wa sama laifi duka. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya wajen 1990, Gulbin Maraɗi ba ya kawo ruwa yadda ya saba, kuma yana cikin masu shayar da Madarumfa. Jama'a ta ƙaru, noma ya matso har bakin ruwa, injinan ban ruwa na zuƙa dare da rana. Shekarar da gona ta ƙi, kowa sai ya faɗa tabki, har wanda bai gaji su ba.

Kifin da ke jurewa, da wanda ke ɓacewa

Masunta sun san halin kowane kifi kamar yadda muka san halin ƴaƴanmu. Giwar ruwa na son ruwa mai zurfi, ita ce ke fara ɓacewa in tabki ya cike. Tarwaɗa kuwa Allah ya yi mata abin shaƙar iska a kai, tana iya rayuwa cikin taɓo, har ta ja ciki ta koma wani kududdufi. Gaiwa ta fi kowa dubara: in ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har damana ta dawo. Karfasa kuma uwa ce ta gari, a cikin bakinta take riƙe ƙwai da ƴaƴa har su yi ƙwari, ba ta ko cin abinci sosai a lokacin. Duk wanda ya kama ta a wannan hali, ba kifi ɗaya ya kashe ba, ɗaruruwa ne.

Sanin wannan shi ne tushen dubarun da za mu ambata.

Zuba iri da ba tabki hutu

Dubarar da ta fi yaɗuwa a kudancin ƙasar nan ita ce zuba iri. Idan tabki ya cika da damana, ƙungiyar masunta tare da ma'aikatan gandun daji su ɗebo ƙananan tarwaɗa da karfasa daga tabkin da ba ya ƙafewa, su kawo cikin duro ko gora da sanyin safiya, su zuba. Daga nan a rufe tabki, ba mai jefa ko fatsa, a sa masu gadi. Bayan wasu watanni, in kifi ya girma, Sarkin Ruwa da hukuma su sa ranar buɗewa. A wurare da yawa ana cire wani kaso daga abin da aka kama a ajiye don sayen irin baɗi da gyaran kayan aiki. Kun ga ai asusu ke nan, sai dai nasu a cikin ruwa yake: a zuba, a yi haƙuri, a fasa tare.

Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne satar kamu da dare, da tarun da idonsa ya yi ƙanƙanta. Wasu har da sange suke tace ruwa, sangen da aka raba a likita don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. An yi hasara biyu: yaro na kwana a waje sauro na cinsa, kifin baɗi kuma an kwashe tun yana kamar ɗan yatsa. Dokar ƙasa ta hana su da guba, da abin fashewa, da taru mai ƙananan ido. Amma ma'aikaci ɗaya ba zai tsare tabki goma ba. A nan mu mata muke da ƙarfin da ba mu cika lura da shi ba. Wa ke sayen ƙananan kifin nan? Mu ne. Ranar da masu banda da masu suya na gari suka haɗa baki suka ce ba su sayen kifin da bai kai ba, mai sange ba shi da inda zai kai kayansa.

Ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a gona

Mutanen Tabkin Cadi sun koya wa kowa darasi. Da ruwa ya janye, ba su zauna suna kuka ba. Ƙasar da ruwa ya bari baƙa ce mai danshi, sai suka shuka masara da wake a kanta ba tare da ban ruwa ba. Shekarar cika su koma taru, shekarar janyewa su ɗauki hauya, ga kuma ƴan bisashe a gefe. Abin da ya fi karya su ma ba fari ba ne, rashin tsaro ne, da hana kamun kifi da cinikinsa da aka yi a jihar Difa daga 2015 zuwa 2019, don shi ya hana su bin ruwa inda ya tafi.

Haka ake yi yanzu a bakin tabkunanmu. Ruwa na ja da baya, ana bin sa da garka: albasa, tumatir, salati, shu, dankali, tamaka. Wasu masunta kuma in nasu tabki ya ƙafe sai su ɗauki kayansu su tafi wani, su biya haƙƙin wurin su yi wata biyu ko uku. Wannan ci rani ne na ruwa, kuma nauyin gida a lokacin kan mace yake faɗawa. Gidan da matar ke da tunkiyar turka ko ɗan jarin ƙuli-ƙuli ya fi jure wannan tafiya.

Sai dai a yi hattara. Garkar da aka kafa har cikin ruwa, ana zuba mata takin zamani da maganin ƙwari, tana kashe kifin da ake son a tsare. A bar tazara tsakanin shuka da ruwa, kuma kada a wanke famfon feshi ko galan ɗin magani a tabki.

Gyara daga tudu

Rairayin da ke cike tabki daga gonaki da faƙo yake fitowa, don haka maganinsa a tudu yake. Rabin wata, tassa, jera duwatsu a kan gangare, toshe bakin korama, duk suna rage gudun ruwa su sa ya nutse. Mu mutanen Maraɗi da Damagaram ba baƙi ba ne a nan. Sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a gona maimakon a sare, ya farfaɗo da ƙasa da aka ƙiyasta ta kai ekta miliyan 5 a Nijar tun daga shekarun 1980. Matar da ta haƙa rabin wata a kan dutse, ko ba ta taɓa riƙe taru ba, ta yi wa masunci aiki.

Ita ma kacala ana fama da ita da aikin gayya. Masu aikin sun gano cewa in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa ta fi mutuwa, don saiwarta ba ta samun iska. Abin da aka yanka kuma ba a zubar ba: ana yin tabarma da zana, ana rufin rumfa, ana zubawa a ramin taki.

Banda: inda riba ke tsiyaya

Idan kamu ya ragu, kowane kifi da ya lalace bayan an fito da shi hasara ce babba. Da zafin bazara, kifin da aka kama da asuba kafin azahar ya fara wari. Dubara ta farko ba ta cin ko dala: a fiɗe shi da wuri, a cire ciki da ƙaiƙai, a wanke da ruwa mai tsabta, a ajiye a inuwa bisa wani abu, ba a ƙasa ba. Masu kai ɗanyen kifi birni suna haɗa kuɗi su sayi ƙanƙara da akwatin sanyi, a wasu wurare ma har firijo mai aiki da hasken rana.

Bandar rami da rabin duro da muka gada na cin itace da yawa, tana ƙona kifi, hayaƙi kuma ya ci ido da ƙirji. Matan wata unguwar masunta da ake kira Corko a Akara ta ƙasar Gana sun shahara da wani murhu tun wajen 1970: gini ne na laka mai kusurwa huɗu, a ɗora faifan waya masu bakin katako, ɗaya bisa ɗaya, a rufe na sama. Wuta ɗaya ke gasa jeri da yawa, zafi ba ya tsiyaya, itace ya ragu, kifi ya gasu daidai. Maginin gari da kafinta na iya yin sa. Mace ɗaya ba lalle ta iya kuɗinsa ba, amma ƙungiya na iya ginawa a riƙa karɓa-karɓa, kowace ta sa wani abu a asusu ranar da ta yi aiki da shi.

Akwai magana ɗaya da ba za mu rufe ta ba. Wasu na yayyafa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a kan banda don kada ƙwaro ya ci. Wannan guba ce, kuma cikin ƴaƴanmu take tafiya. Abin da ke hana ƙwaro shi ne kifi ya bushe sarai, a ɗan sa masa gishiri kafin banda, a bari ya huce kafin a zuba a kwali, a ajiye inda babu danshi, a riƙa duba shi ana maimaita masa wuta.

Kiwon kifi a gida: a yi lissafi tukuna

Kiwon tarwaɗa a kwarmin siminti ko na tamfol ya fara yawa a Yamai, Maraɗi da wasu garuruwa. Tarwaɗa na jure cunkoso, kuma in ta samu abinci mai kyau tana isa sayarwa cikin wata biyar zuwa shida. Ruwan da aka canza mata taki ne ga garka. Amma ƴan uwa, kada daɗin labari ya ɗebe mu. Abincin kifi shi ke cinye mafi yawan jari, kuma ba a fashinsa ko na kwana ɗaya. Ana bukatar ruwa a kusa kullum. Sai an riƙa ware manya da ƙanana, in ba haka ba manya su cinye ƙanana. Kafin ƙungiya ta fitar da kuɗi, ta amsa tambaya huɗu: ina ruwan zai fito a watan Afrilu da Mayu? Wa zai sayar mana da iri mai kyau? Nawa abinci zai ci har ranar kamu? Wa zai saya, a kan nawa? In amsa ɗaya ta gagara, a fara da kwarmi ɗaya a koya.

Abin da asusu zai iya

Tun da aka kafa tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mun saba da bashin da ake biya cikin ɗan lokaci. Sana'ar kifi kuwa tana da lokacinta. A ce mace ta karɓi jika ashirin a watan da aka rufe tabki, aka ce ta biya bayan mako huɗu. Da me za ta biya? Ko ta sayar da akuya, ko maigida ya saci hanya ya shiga ruwa da dare. Ke nan tsarinmu da kansa ya tura shi karya doka. Ga abubuwan da muke ganin ya kamata kowace ƙungiya da ke kusa da ruwa ta tattauna a zamanta na gaba:

A daidaita ranar biyan bashin masu kifi da lokacin buɗe tabki, a kuma ƙarfafa musu zubi a watannin kamu, lokacin da kuɗi ke hannu.

Bashin sayen taru a ba da shi da sharaɗi: mai manyan ido kawai.

A ƙara wa asusun taimako ƙarfi kafin damana, don gidan da ambaliya ta tafi da kayan aikinsa ya samu abin tashi ba tare da ya faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace mai banda ta samu sana'a ta biyu ta watannin hutu, ko turka, ko garka, ko man gyaɗa.

A riƙa sauraron hasashen damana da gargaɗin ambaliya a rediyon gari da wayar salula, a isar wa masu shiga ruwa, a janye taruna da kwalekwale tudu in an ce ruwa na tafe.

A nemi kujerar mata a kwamitin kula da tabki. Ana yanke ranar rufewa da buɗewa, da kuɗin shiga, da rabon abin da aka tara, alhali masu fiɗa da banda da sayarwa ba su wurin. Shugabannin ƙungiyoyi su je wurin Sarkin Ruwa da mai gari da magajin gari da ladabi, amma da baki ɗaya.

Ba mu da iko a kan zafin rana ko ranar da hadari zai haɗo. Girman idon taru, da kifin da muke yarda mu saya, da itacen da muke ƙonawa, da yadda muke tsara bashi, waɗannan kam a hannunmu suke. Ƙungiyar da ta gwada ɗaya daga cikin dubarun nan, ko ta yi nasara ko ta gamu da cikas, ta aiko mana da labari ta hannun mai kula da yankinta, don sauran ƴan uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare masu shiga ruwa, ya sa wa asusunmu albarka. Amin.